Zaren Ankonmu a Cikin Kwalaben Ruwan Teku

Mai martaba sarkinmu, Ratu Peniasi, mai girma shugaban wannan zama, wakilin gari, Baba Sakiusa, Fasto da dattawan coci, shugabannin dangogi, jami'in kamun kifi da ya zo mana daga lardi, iyayena mata da ke zaune can bakin ƙofa, yayyena da ƙannena, masunta da manoma: ina gaishe ku gaisuwar 'ya a gaban iyayenta.

Ina godiya da kuka ba ni dama in yi magana kafin a zagaya da ƙwaryar yaqona, abin shanmu na gargajiya da ake yanke shawara da shi, domin na san idan ta zagaya, zance ya ƙare. Ina godiya ga masu kwale-kwalen da suka yi wata shida suna kai mu suna dawo da mu, ko sau ɗaya ba su ɓata fuska ba. Saboda baƙonmu, ni ce Akanisi, 'yar marigayi Ilaitia, wadda garin nan ya tura karatu Suva, babban birninmu na Fiji, kuma aikina a can shi ne auna ɓurɓushin roba a ruwan teku.

Kun taru yau ne domin ku sa tabu a kan fadamar bakin teku, ku haramta tonon kaikoso, naman ƙwanson nan da muke ci daga laka, har shekara biyar, saboda lissafin da na karanta muku a ɗakin nan wata uku da suka wuce. Na ga sanduna a jingine a waje, samari sun riga sun ɗaura musu ganyen kwakwa, alamar hani da za a kafa a fadamar. Na zo in ce muku lissafin nan ba daidai ba ne. Kwana tara ke nan maganar na cina, in zauna in tashi, in ɗauki waya in ajiye. Zan kawo ta kashi uku, ku yi haƙuri da ni.

Na farko, yadda aka yi aikin. Kowane wata mukan je wurare goma. A kowane wuri mu ɗebi ruwa guga ashirin, mu zuba ta rariyar ƙarfe mai ƙananan idanu, mu wanke abin da ya tsaya a cikin kwalba. Ni kuma in kai Suva, in tace, in sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Kwalba sittin, ɓurɓushi ɗari huɗu da goma sha biyu. Na tsaya a nan na faɗa, na ga yadda fuskokinku suka sauya, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi a raina cewa karatuna ya yi rana.

Wannan aiki yana da doka, kuma na san ta kamar yadda na san sunana. Mai ɗiban ruwa ba ya sa tufa sai ta auduga zalla, domin yadin roba yana zubar da zare wanda ido ba ya gani. Ba a goge kwalba da ƙyalle. Sannan ana tafiya da kwalba guda ta ruwa mai tsabta, a buɗe ta a gefe, ta zama shaida: idan an ga zare a cikinta, to daga jikinmu ya fito, ba daga teku ba.

Na biyu, inda na kauce. Ranar farko na sauko bakin ruwa na tarar da mata ashirin da biyu masu taya ni ɗiban ruwa sun jeru cikin ankon yadin roba ruwan goro, sabo fil, har da fure a kunne. Goggo Merewalesi, shugabar mata, ta miƙo mini nawa a naɗe. Na ce, "Goggo, ai aikin laka ne." Ta ce, "Ke, rufa mana baki. Aikin jami'a guda za mu yi da tsummokaran zuwa gona? So kike a ɗauki hoto a ce matan garinku ba su da masu yi musu ɗinki? Sa ki wuce gaba, Malama Dakta."

Na sa. Iyayena, na sa, na wuce gaba, har na ji ina taƙama. A garin nan wa ya taɓa mayar da ankon da uwa ta miƙo masa? Wa ya taɓa yin abin fita kunya, biki ko jana'iza ko tarbar baƙo, ba tare da anko ba? Da muka dawo tudu, na ga sun zauna da ragowar yadin suna goge kwalaben ciki da baki, ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta ce, "Ba za a kai wa malamanki kwalba da dauɗa ba, a ce mu ƙazamai ne." Na buɗe baki, na dubi furfurarta, na mayar na rufe. Na ce a raina wata mai zuwa zan gyara. Wata ya zo, kunya ta ƙaru. Kwalbar shaida kuwa ban taɓa buɗe ta ba, domin zuciyata ta riga ta san abin da za ta faɗa, ni kuma ba na son ji.

Abokiyar aikina Shalini ce ta tone ni. Tana duba takardun tacewa ta ɗago ta ce, "Akanisi, wace irin teku ce taku mai son kwalliya haka? Ko'ina a Fiji zare shuɗi ne da baƙi da fari, ku kuma naku duk ruwan goro." Sai idonta ya faɗa kan hotonmu da na manna a bango. Ta dubi hoto, ta dube ni, ta ce, "Ƙawata, teku kika auna ko teburin tela?" Na yanko gefen rigar ankona, muka gwada. Zare ɗaya ne. Cikin ɗari huɗu da goma sha biyu, ɗari uku da saba'in da ɗaya daga jikinmu suka fito.

Kada kowa ya waiwaya ya dubi Goggo. Ita girmama aiki ta yi, yadda aka koya mata girmama abu. Ni aka tura makaranta, ni na san doka, ni na yi shiru. Na ji kunyar gyara uwa a gaban mata ashirin da biyu, ga shi yau ina tsaye a gaban gari duka.

Na uku, abin da nake roƙo. Ban ce ruwanmu tsab yake ba. An cire namu, saura arba'in da ɗaya, kuma waɗannan na gaske ne: gutsuren igiyar taru, gutsuren leda, ɓawon fentin jirgi. Ko sun isa su cutar da mai cin kaikoso, ban sani ba. Na fi so in ce ban sani ba sau goma da in sake ba ku lambar da ba ta da tushe. Ku ba ni wata huɗu. Za mu sake aunawa da rigunan auduga, da kwalbar shaida a buɗe, kuma wani ne zai ƙirga, ba ni ba. Idan lissafin ya ce a rufe, ni zan riƙe wa samari sanda. Amma kada ku rufe abincin gida sittin a kan kuskurena. Idan dole sai an hana wani abu yau, to ni za a hana shiga kwale-kwale.

Jiya da hantsi na je na durƙusa gaban Kaka Vasemaca, wadda ta haura tamanin, wadda ta koya wa rabin matan ɗakin nan laluben kaikoso da yatsun ƙafa. Tun ranar da na karanta lissafin nan ba ta sake taka fadama ba. Na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Jikata, da aka ce shekara biyar, ku kun ji shekara biyar ne. Ni sallama na ji. Har na ba da kwandona." Na ce, "Kaka, ki yafe mini." Ta ce, "Yafiya mai sauƙi ce. Je ki faɗa musu da bakinki, da ƙarfi, yadda kika faɗi na farko."

To, na faɗa, Kaka.

Allah ya ja zamanin sarki, ya ba dattawanmu basirar yanke abin da ya dace. Allah ya tsare masu fita teku, ya dawo da su ga iyalansu. Allah ya tsarkake mana ruwanmu, ya ba 'ya'yanmu ƙarfin halin faɗa wa iyayensu gaskiya tun tana ƙarama. Gobe da safe ruwa zai janye ƙarfe bakwai. Allah ya sa wanda aka ba kwandon Kaka ya mayar mata da shi kafin lokacin.

Na gode.