Tayar Motar Dapaong

A tashar Sokodé wata mata ta durƙusa tana shafa tayar motar da ta iso daga Dapaong. Direban ya leƙo.

"Hajiya, lafiya? Me kika yar?"

"Laka nake dubawa. Da ita nake gane ko an yi ruwa can wajenmu. Taka kuwa a bushe ƙamas."

"Ai sati uku ko ɗigo. Ba wanda ya yi shuka."

"To, ƙanena Awaisu na ƙauyen Nano ya ce irin geron da na aika har ya tsiro."

"Awaisu tela? Ashe geronki ne! Wallahi furarsa ta yi daɗi ranar sunan ɗansa."

Ta miƙe tana karkaɗe hannu.

"Yaushe za ka koma? Ajiye mini kujerar gaba."