Sakamakon Jinin Duna

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni makiyayi ne daga wajen Sandamu.

Da damina likitocin dabbobi suka ɗebi jinin karyata Duna, mai tsaron shanuna, don ta rame, ga kaska cike da kunnuwanta. Suka ce sai an kai jinin birni, na'ura ta duba.

Bayan girbi suka bugo waya, wai an gano cutar kaska a jininta, kuma tana da magani. Na ce to, na gode. Ban gaya musu na binne ta ba. Ba a yi wa mutum gaisuwar kare, sai na kora shanuna.

Ta bar 'ya'ya biyu, su ma kaska ta kama su. Masu sauraro, me zan yi musu? Ba na son in sake jiran waya.