Yatsa Biyu Daga Kowane Ɗankwali

GOGGO: Alo. Wa ke magana? A ɗaga murya, keken ɗinki na aiki.

AUTA: Salamu alaikum, Goggo. Ni ce, Auta.

GOGGO: Wa'alaikumus salam. Autar Yaya? Ashe kina da rai. Bari in ɗage ƙafa daga keken. To, ina jin ki.

AUTA: Ina wuni, Goggo?

GOGGO: Lafiya lau. Ya gida, ya mai gidan naki?

AUTA: Lafiya ƙalau, yana gaishe ki. Ya shago?

GOGGO: Shago sai godiya. Ido ne ya fara yi min gardama, sai in yi ta neman ramin allura kamar mai neman ɗan kunne a yashi. Ya jikin Yaya?

AUTA: Baba da sauƙi. Likita ya hana shi gishiri, shi kuma ya ce likitan yaro ne.

GOGGO: Haka yake tun muna yara. Ki ce masa ƙanwarsa ta ce ya bi a hankali, ban shirya ɗinka masa likkafani ba. Ya 'yan matan ƙungiyar taki?

AUTA: Suna nan suna ta ɗoki. Ya gwiwar, Goggo?

GOGGO: Gwiwa tana nan, ita ke gaya min za a yi ruwa kafin rediyo ya faɗa. 'Yan matanki kuwa, tunda aka shiga dogon hutun nan kika jibge min su a shago, sun cinye min alli, sun dakusar min da almakashi, ragowar ƙyallen da na yi shekaru ina tarawa duk sun mayar jakunkuna.

AUTA: Ai jiya muka sayar da jaka ta ƙarshe. Kuɗin mota sun cika, har da 'yar rara. Direba ya ce Asabar da sassafe.

GOGGO: Madalla. Gara jakunkunan da wankin motar da kuka fara da shi. Har yau mai kemis ɗin layinmu in ya gan ni sai ya ce kujerarsa ba ta bushe ba.

AUTA: Goggo, shi ya bar gilashinsa a buɗe.

GOGGO: Su kuma idanunsu a rufe. To, dutsen nan dai da suke ta mafarki tun bara, mai ruwa yana zubowa daga sama, za a gan shi ke nan.

AUTA: In Allah ya yarda. Dama ɗankwalayen tafiyar na kira in ji, ko an gama.

GOGGO: An gama tun jiya da la'asar. Yarinyar nan taku Allura ce ta yanka, ta kalmashe bakin, ta sa wa kowanne tambarin ƙungiya. Guga kawai ya rage.

AUTA: Alhamdu lillahi. Sai kuma... akwai wata 'yar alfarma.

GOGGO: Na san gaisuwar nan ta yi tsawo. Faɗi.

AUTA: Ranar Asabar, ko za ki riƙe Allura a...

GOGGO: In riƙe allura? To me nake riƙewa tun kafin a haife ki? Layin nan yana cin rabin maganarki, matsa kusa da taga.

AUTA: Yarinyar nake nufi, Goggo. Allura. Ki riƙe ta a shago, ki ba ta wani aiki, ki ce na gaggawa ne.

GOGGO: Asabar ai ita ce ranar tafiya.

AUTA: E, dama... wato...

GOGGO: Alo? Layin ne ya yanke ko ke ce?

AUTA: Ni ce.

GOGGO: To ci gaba. Kin fara, ki ƙarasa.

AUTA: Ba za mu iya tafiya da ita ba. Na je da kaina na ga hanyar. Siririya ce, ga duwatsu, ga santsi inda ruwan ke fantsama. Mai ƙafa biyu ma sai ta dafa. Ita da sanduna biyu da ƙafar da ba ta ɗaukar ta, ta yaya? Mun ce za a gaya mata an ɗaga tafiyar. In mun dawo sai a zaunar da ita a lallashe ta. Da rarar kuɗin ma mun saya mata sabon almakashi da akwatin zare, kyauta daga ƙungiya.

GOGGO: Almakashi.

AUTA: Mai kyau, Goggo, irin na teloli.

GOGGO: Rabin jakunkunan da suka saya muku motar daga hannun wa suka fito?

AUTA: Na sani.

GOGGO: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta ɗinka muku mota, ku hau, ita a ba ta almakashi ta ƙara ɗinka muku ta baɗi.

AUTA: Kar ki ce haka, wallahi ba mugunta ba ce. Kin manta bara? Yarinyar da ta karye a hannu wajen wasan gudu, a fili shimfiɗaɗɗe, ubanta har gida ya same ni. Sati nawa na yi ban iya haɗa ido da iyaye ba. 'Ya'yan mutane ne a hannuna, Goggo. Ke shago kike rufewa ki tafi gida, ni kuwa in wani abu ya faru sunana za a kira.

GOGGO: Wannan gaskiya ce. Ban ce tsoronki na banza ne ba.

AUTA: Kuma ba ni kaɗai ba ce. Mamanta ce ta zo.

GOGGO: Yanzu muka zo wurin. Me ta ce?

AUTA: Ta kama hannuna tana hawaye. Ta ce ƙafa ɗaya ta rage wa 'yarta, ba za ta kai ta dutse ya karɓe ba. Ta ce ita ba za ta iya faɗa mata ba, don ta riga ta ga tana haɗa kaya. Ta roƙe ni in san dabarar da zan yi.

GOGGO: Uwa ta ji tsoro ta miƙo miki, ke kin ji tsoro kin miƙo min. Ni wa zan miƙa wa, keken ɗinki?

AUTA: Ke take jin maganarki.

GOGGO: Don ban taɓa yi mata ƙarya ba. In ɗinkinta ya karkace nakan ce ya karkace, ta warware. Abin da kike so in kashe muku ke nan a wuni ɗaya. Tsaya in tambaye ki. Sauran 'yan matan sun sani?

AUTA: Manyan kawai. Su ma ba su ji daɗi ba, amma sun ce za su rufe bakinsu.

GOGGO: To kin koya musu darasin hutun bana. Ba ɗinki ba, ba tara kuɗi ba. Kin koya musu in 'yar'uwa ta yi nauyi a sauke ta a ɓoye, a saya mata kyauta. Za su riƙe shi kuwa, yara ba sa mantuwa da irin wannan.

AUTA: Goggo, kina min kamar ba ki san halina ba.

GOGGO: Na san shi, shi ya sa nake ɓata miyauna. Yadin ɗankwalayen nan, yaya kika auna shi?

AUTA: Daidai masu tafiya.

GOGGO: Daidai masu tafiya. Sannan kika ɗauka kika miƙa wa wa ya yanka?

AUTA: Allura, ai hannunta ya fi na kowa... Innalillahi.

GOGGO: Yanzu kika gani.

AUTA: Wallahi ban kawo shi a raina ba. Na saba komai na yanka ita nake ba.

GOGGO: Kin saba. Tela kuwa ba ya sa almakashi sai ya auna. Ta shimfiɗa shi a kan babban tebur, ta ja alli, ta ƙirga ƙawayenta a yatsa, ta ga ya gaza da ɗaya. Ta sake aunawa. Sai ta ɗago ta ce, "Goggo, ko Anti ta yi kuskuren awo?"

AUTA: Me kika ce mata?

GOGGO: Na ce Antinki ba ta kuskuren awo, ni na koya mata.

AUTA: Haba Goggo. Da kin rufa min asiri.

GOGGO: Da me, da yadin da bai kai ba? Lokacin ni ma ban san wadda aka cire ba. Ita ta sani. Na ga fuskarta.

AUTA: Ta yi kuka?

GOGGO: Da ta yi da ya fi min sauƙi. Yadin kawai ta tsaya tana kallo. Sai ta jiƙa tsumma ta goge layin allin gaba ɗaya, ta sake ja. Ta rage wa kowane ɗankwali faɗin yatsa biyu. Daga yatsa biyun nan na kowa ta fitar da guda cikakke. Yana nan a saman tarin, da tambarinsa, ba ki bambanta shi da sauran.

AUTA: Ba ta ce komai ba?

GOGGO: Ta ce, "Goggo, ba wadda za ta lura, kawunansu ba su kai haka girma ba." Ta ci gaba da aikinta.

AUTA: Tun yaushe?

GOGGO: Tun ranar da kika kawo yadin. Duk sanda kika zo kika yi kira daga ƙasa, tana saukowa ta gaishe ki da fara'a, kina shafa mata kai. Tana jira ta ga ko za ki faɗa mata da bakinki.

AUTA: Ni kuwa ina ganin na ɓoye.

GOGGO: Akwai saura. Kin san matakalar shagon nan, yadda take a tsaye kamar tsani. Da, in ta hau da safe ba ta sauka sai an tashi. Tunda aka fara maganar dutse, duk aiken da ya taso ita ce: zare ya ƙare, ni zan je, ruwan sha, ni zan je. Har na fara zargin ko yaron mai gyaran waya na ƙasa ne ya yi mata murmushi. Ashe atisaye take. Ta kai sandunan wurin mai gyaran takalmi ya liƙa musu robar taya a ƙasa, ta naɗe hannun da ƙyallen da ya rage na jakunkuna. Yanzu ma tana can, na aike ta maɓalli.

AUTA: Matakala daban, dutse daban, Goggo.

GOGGO: Daban ne. Wataƙila ta tsaya a rabi, wataƙila ko rabin ba za ta kai ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta kwana da ƙafar nan ta tashi da ita tun tana rarrafe. Ita za ta ce nan ne iyakata, ba ke ba, ba ni ba.

AUTA: In kuma ta faɗi?

GOGGO: Ta faɗi a gaban ƙawayenta su ɗaga ta. Faɗuwar da kuke shirya mata ranar Asabar, ita kaɗai za ta yi ta a kan kujerar keken ɗinki, ba mai gani balle ya ɗaga.

AUTA: To mamanta fa? Na yi mata alkawari.

GOGGO: Kin yi alkawarin abin da ba naki ba. Yau in na rufe shago ki zo mu je gidan tare. A zauna, uwa da 'ya da mu. In uwar ta ce a'a, 'yarta ce, ba mai ƙwace mata. Amma ta faɗa a gaban yarinyar, ta faɗi dalilinta, yarinyar ta ba ta amsa. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

AUTA: Za ta ce wa zai tsaya a kanta. Ni ina gaba da ƙanana, mataimakiyata tana tsakiya. Ba ni da mutum a baya.

GOGGO: Kina da shi. Ki ce wa direba ya ƙara kujera.

AUTA: Ta wa?

GOGGO: Tawa.

AUTA: Ke, Goggo? Ki rufe shago ranar Asabar? Ke da ranar bikina sai da kika gama rigar wata kafin ki zo?

GOGGO: Ta riga ki biya ne. Ni da Allura mu ne wutsiyar layi, ita da sandunanta, ni da gwiwata. Inda ta tsaya nan zan tsaya, in kuma ni na fara zama ta jira ni. Uwarta ta san ni, ta san ba na sakin abin da na riƙe.

AUTA: Ba ki da ɗankwalin ƙungiya fa.

GOGGO: Kar ki faɗa a gabanta, sai ta sake rage wa kowa yatsa biyu, 'yan matanki su tafi da tsumma a ka.

AUTA: Almakashin kuma?

GOGGO: Ki ajiye. In an dawo ki ba ta a gaban kowa, lada ne na aikinta. In kika ba ta yau, kuɗin toshiyar baki ne. Tsaya... ga ƙarar sandunanta a matakala.

AUTA: Goggo, katina ya kusa ƙarewa, sun yi min gargaɗi.

GOGGO: In miƙa mata?

AUTA: A'a. Ba a waya ba. Kar ki ce mata komai, don Allah, ni zan faɗa. Yanzu zan taho.

GOGGO: Ki taho. Kuma in kin zo kar ki tsaya a ƙasa kina kira kamar yadda kika saba. Ki hawo matakalar, ki ji yadda take.

AUTA: Zan hawo. Ki ce mata ta ware min na...

GOGGO: Alo? Auta? Katin ya ƙare. Shigo, Allura, ajiye maɓallan a kan tebur. Jona dutsen guga, Antinki na hanya. Ki fara da na saman.