Shaidar Gidana a Fagge

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Malam Ɗanjuma ne daga Fagge. Ban yi boko ba, rubuta mini aka yi.

Soja sun koma bariki, ni ma zan koma gida Damagaram gaba ɗaya. Da na tashi sayar da gidana, mai saye ya ce sai takarda. Ni kuwa da baki na saya, kuma shaiduna sun rasu, saura Alhaji Rashidi, maƙwabcin da muka shekara goma ba ma magana saboda rigimar kwatar ruwa da ke tsakanin gidajenmu.

Shi ya je gaban mai unguwa ya ce, "Gidan mai taurin kan nan ne, a gabana ya biya." Ciniki ya faɗa, alhamdu lillahi.

Masu shirin ƙaura, ku nemi takarda da wuri. A gaishe mini da Rashidi. Amma zancen kwata, har gobe ni ke da gaskiya.