A Rubuta Sunana, A Cire Dutsena

Shugaban wannan taro, Farfesa Hyeon; malamaina da suka yi haƙuri da ni shekara biyar; ma'aikatan ɗakin karatu; iyayenmu mata masu nutso da suka baro teku yau suka zauna a sahun gaba; da ku sababbin ɗaliban digiri na uku da gwamnati ta ɗauki nauyin karatunku, ina gaishe ku baki ɗaya. Sunana Yang Hye-rin. Na gode da wannan dama, ko da yake na san an zaɓe ni ne don na tafka kuskure kuma na tsira.

Magana ta farko. Takardar da kuka sa wa hannu da safen nan ta ce abin da kuka rubuta da bayanan da kuka tattara za ku zuba su a rumbun jami'a na intanet, inda kowa zai karanta kyauta. Kada ku ɗauke ta horo. Da harajin mai sayar da lemo za ku yi karatu, da harajin direban bas za ku yi karatu, bai kamata su sake biya kafin su ga abin da kuka gano ba. Ni wannan ƙa'ida ta kwanta mini a rai.

Ta biyu kuwa labari ne. Shekara biyu na yi ina bin matan ƙauyenmu a nan tsibirin Jeju, ina rubuta inda kowacce ke nutso da abin da take fitowa da shi. Ya rage mako guda in miƙa bayanai, in ba haka ba babu digiri a shekarar. Na bi fom ɗin jami'a sau da ƙafa: na goge sunan kowa na mai da su lambobi, na bar taswira da alamar kowane dutse da suke nutso a gindinsa, ina ta yaba wa kaina. Sai Malama Jwa ta ɗakin karatu ta tambaye ni ko masu abin sun gani. Tambayar ta ɓata mini rai, amma na je.

Na tarar da Gwaggo Bu Sun-deok, mai shekara saba'in da tara, tana shanya kayan nutso. Ta duba takardar bayanan ta ce, "'Yar nan, wai ni ce Lamba Bakwai? Shekara sittin ina shan ruwan gishiri, sai yau na koma lamba kamar motar haya?" Da idonta ya faɗa kan taswira sai dariya ta ɗauke. Kun san dutsen da mace ke ciro dodon-koɗi a ƙarƙashinsa ba ta nuna wa ko surukarta, sai 'yarta, ita ma sai ƙarfin uwar ya ƙare. Ni ta nuna wa don ba ta da 'ya mace, ni kuwa ina shirin miƙa shi ga duk mai jirgin ruwa da waya a hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ta ce, "Karatu ya juya miki kai. Abin da nake so a sani kin ɓoye, abin da nake so a ɓoye kin baza. Ki rubuta sunana da manyan baƙaƙe, ki cire dutsena."

Na koma wurin Malama Jwa na fid da rai da digiri. Ta buɗe mini shafin da ban karanta ba: ƙa'idar da kanta ta yarda a rufe abin da buɗe shi zai cutar da wani, muddin an rubuta dalili. Kwana huɗu muka yi muna gyara.

Don haka ta uku gajeriya ce: ku buɗe, ku buɗe da zuciya ɗaya, amma ku fara komawa wurin waɗanda suka ba ku. Yau masu bincike a ƙasashe shida suna aiki da bayanan nan, suna ambaton Gwaggo Bu da sunanta. Dutsen kuwa mu biyu muka san shi, kuma kada Farfesa ya wahalar da kansa da tambayata bayan taro.

Allah ya sa albarka a karatunku, ya tsare iyayenmu a cikin ruwa, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.