Awa Ɗaya a Bayan Kujerar Gwaggo

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyoyinmu biyu, malamanmu da suka ɗora mu a kan wannan sana'a, 'yan'uwana masu rubuta manhaja, abokan aikinmu masu tsara fuskarta, da dukkan jama'ar da suka cika wannan zaure, assalamu alaikum.

Ina godiya ga waɗanda suka haɗa mu a inuwa guda, bayan shekarun da muka kwashe muna hararar juna. Mu muna ce muku 'yan kwalliya, ku kuna ce mana kurame. Yau na zo in shaida cewa kun fi mu gaskiya.

Magana ta farko amsa laifi ce. Manhajar da muka rubuta kyauta, muka buɗe ta kowa ya gyara, da ita ake aiki a ƙaramin asibitin da gwaggona ta shekara ashirin da shida tana ungozoma. Sau uku shugaban asibitin yana turo ƙorafi cewa bayanan masu juna biyu suna ɓacewa. Sau uku ina rufe ƙorafin da amsar nan da duk muka haddace: "A kwamfutata lafiya lau take aiki." Ban san a teburin Gwaggo abin yake faruwa ba, ban kuma san an fara cewa ta tsufa, gara ta koma gida ba.

Magana ta biyu yabo ce gare ku. Wata daga cikinku, wadda kuke kira Anti Shiru, ita ta ja ni zuwa asibitin, ta kafa mini doka: in zauna a bayan mai aiki awa guda, in danne hannuwana a ƙarƙashin cinya, kada in ce uffan. Gani ya kori ji. Gwaggo ta cike gurbi tara cikin goma na bayanan wata mai juna biyu da yatsa ɗaya, sai wata ta kwarma ihu daga ɗakin haihuwa. Ta tashi da gudu. Kafin ta dawo, manhajar ta rufe kanta ta share komai, domin ni na tsara mata yin haka idan aka yi minti biyar ba a taɓa ta ba, wai don tsaro, har ina alfahari da shi. Na yi wa mai zama aiki, alhali ungozoma ba ta zama.

Gwaggo ta juyo ta ce, "Ka gani ko, ɗan nan? Kan ne ya daina ɗauka. Takardar ajiye aiki ma tana cikin jakata."

Jama'a, kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni. Na karya doka na ce, "Gwaggo, ni na rubuta shi haka."

Ta dube ni ta ce, "Wata takwas ina zargin ƙwaƙwalwata, ashe yaron da na yanke wa cibiya ne."

Ku kuka zana gyaran, mu muka rubuta, kwana huɗu aka gama. Gwaggo tana bakin aikinta har yau.

Magana ta uku roƙo ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada mu sake rufe ƙorafi sai ɗaya daga cikinmu da ɗaya daga cikinku sun je sun zauna sun gani. Gwaggona ta tsira ne domin tana da ɗa a cikinmu. Akwai waɗanda ba su da kowa, sun miƙa takardunsu, suna gida yanzu suna ganin laifin kansu.

Allah Ya yafe mana abin da muka yi musu cikin rashin sani. Allah Ya ba mu kunnen ji da haƙurin kallo, Ya ɗorar da wannan zumunci, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.