Fanka Na Juyi, Allo Baƙi Ƙirin

A bencin shagon mai gyara, wani tela ya rungume kwamfutarsa kamar jariri. Matar da ke gefensa ta tambayi abin da ya same ta.

"Tana kamawa, fanka na juyi, amma allo baƙi ƙirin. RAM ne, ƙwaƙwalwarta ke nan, Hajiya, ko tantama babu. Na cire na goge, ta ƙi."

"Wayar da ke haɗa ta da allon fa?"

"Lafiyarta lau. Matata ma ta canza min ita jiya, wai tsohuwar ta yi dauɗa."

"Kana daɗewa a kanta?"

"Kallon ƙwallo ne kawai, har abinci ya huce."

Matar ta tuntsire da dariya. "Koma gida ka lallashi matarka, Malam. Matacciyar waya ta sa maka. Nawa mijin sai da ya yi wata guda kafin ya gane."